Muhawara: Ford ta 1932 mai injin Chevrolet, hot rod ce ta gaskiya ko kwaikwayo?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina harhaɗa mota a garejin gidana a nan Amurka, irin wadda ake kira hot rod, wato tsohuwar mota da aka rage mata nauyi aka ƙara mata ƙarfin inji. Na samu shasin Ford na 1932, na sayi bodin fiba domin na ƙarfe na asali ya fi ƙarfin aljihuna, sannan na yi niyyar ɗora mata injin Chevrolet 350 (lambar tana nuna girman injin ne). Wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe a harkar ya leƙo, ya ce duk motar da ba ta da injin Ford na zamaninta da bodin ƙarfe kwaikwayo ce kawai. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Alhaji Mai Gareji: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka yi haƙuri, amma ina tare da dattijon. Wannan sana'a tana da asali. A kudancin Kalifoniya ta taso cikin shekarun 1930, lokacin da samari ke cire murafun tayoyi da gilashin gaba su tafi busassun tafkuna irin su Muroc su gwada gudu, har suka kafa ƙungiyarsu ta auna gudun motoci, SCTA, a 1937. Injin da ya ɗaukaka sunansu shi ne V8, wato inji mai silinda takwas, mai shafaffen kai da Ford ya fitar a 1932, mai lita 3.6 da ƙarfin doki 65 kacal. Gwanintar tana cikin matso ƙarfi daga wannan ɗan injin, kamar yadda makaniki Vic Edelbrock ya yi bayan ya sayi tasa Ford ɗin ta 1932 a 1938, ya ƙera mazaunin da ke ɗaukar kafireto biyu na Stromberg 97. Wanda ya sayo inji ƙaƙƙarfa ya ɗaura da ƙusoshi ya tsallake wahalar da ta ba motar mutuncinta.

Injiniya: Alhaji, tarihin da ka kawo daidai ne, sai dai ni a ganina Baban Sadiq yake goya wa baya. Waɗancan samarin ba don girmama Ford suka rungumi injinsa ba, sun rungume shi ne domin shi ne mai araha da ke zube a wuraren 'yan gwangwan, kuma kafin ya wadata, da injunan silinda huɗu na Model T da Model A suke tsere. Da Cadillac da Oldsmobile suka fito da V8 mai bawul a sama a 1949, Chrysler ya biyo baya da nasa V8 ɗin mai suna Hemi a 1951, Chevrolet kuma ya kawo ƙaramin V8 ɗinsa a 1955, su da kansu suka riƙa sauke tsohon injin suna ɗora sabo, kuma suna da hujja: hanyar hayaƙin injin Ford ta cikin gangar jikinsa take ratsawa, shi ya sa yake yawan ɗaukar zafi, ga shi boris uku ne kawai ke riƙe da karanshaf ɗinsa. Mutanen da suka ɗauki tankin man jirgin yaƙi suka mayar da shi bodin motar tsere, kamar yadda Bill Burke ya yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba su ne za su kafa dokar cewa sai kayan kamfani ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zagaya Ƙofar Ruwa a Kano yana neman abin da zai zauna a motarsa ya san wannan tunanin.

Alhaji Mai Gareji: Na yarda sun canza inji, Injiniya. Amma injin 350 sai a 1967 ya fito, kuma a yau sabo fil ake sayensa cikin akwati. Ina harhaɗa tsofaffin kaya a nan?

Mai Walda: Manyana, ku ba ni dama in sa baki, domin akwai abin da ya fi sunan motar damuna. Ford ta 1932 birkin sanda gare ta, kamfanin bai koma birkin mai ba sai a 1939, kuma tun wancan zamani masu haɗa hot rod suke ciro birkin 1939 ko 1940 su sa wa motocinsu. Idan aka ce sai kayan zamaninta zalla, to da wane birki za a tsayar da ita? Shasin nan kuma buɗaɗɗe ne ta ciki, an ƙera shi ne don doki 65, saboda haka wanda zai ɗora masa inji mai ninkin wannan ƙarfi sau uku ko huɗu dole ya rufe cikinsa da farantin ƙarfe, ya yi waldar kaɗan-kaɗan yana tsallakawa daga gefe zuwa gefe don kada zafi ya murɗe shi. Ni kaina na taɓa yin gaggawa a irin wannan aiki, na ja walda mai tsawo a gefe ɗaya, shasin ya karkace har ƙofa ta ƙi rufuwa, sai da na yanke na sake. Aksul ɗin baya ma ba zai jure ba, shi ya sa ake neman na Ford mai inci tara wanda ya fara fitowa a 1957. Wanda ya yi duk wannan da hannunsa a gida, ban ga yadda za a ce bai sha wahala ba.

Maman Hanifa: Ni batun bodin nake so in taɓa, Baba Alhaji. Bodin asali na 1932 ba ya ƙaruwa, kullum raguwa yake yi, kuma al'adar hot rod ita ce a yanke rufin a rage masa tsawo, a sauke bodin ƙasa a kan shasi. Duk wanda aka yanka ya tafi ke nan. Mai bodin fiba, ko mai sabon bodin ƙarfe irin wanda kamfanin Brookville Roadster ke bugawa, ya bar wa na baya wata tsohuwar mota lafiya lau. Wannan a wurina abin yabo ne.

Alhaji Mai Gareji: 'Yata, hujjarki ta shige ni, kuma a batun birki da shasi na sallama wa Mai Walda, domin rai ya fi asali. Amma a kan bodi ina nan a inda nake. Tsohon ƙarfe sai ka kankare tsatsa, ka yanke ruɓaɓɓen wuri, ka buga sabon kwano da guduma har ya zauna, kuma a nan hannun maƙeri yake bayyana. Amurkawan da kansu suna da wani suna daban, street rod, ga motar da aka haɗa don jin daɗin hawa kan titi, kuma ina ganin sunan da ya dace da motar ƙanena ke nan.

Baban Sadiq: Na gode muku duka. Bodin fiba zai zauna, don ba ni da halin wani. Injin kuwa, maganar Alhaji ta sa na fasa sayen sabo, zan nemi tsohon Chevrolet 283 na ƙarshen shekarun 1950 in kwance shi in gyara da hannuna. Mai Walda, ban rufe cikin shasin ba tukuna, don Allah ka faɗa mini kaurin farantin da kake amfani da shi kafin in sayo.