Ta ina ake fara neman tsuntsayen Mayu a Arnold Arboretum?

Baƙon Boston:
Salamu alaikum jama'a. Watana takwas ke nan a Boston, karatu ya kawo ni, kuma ɗakina bai fi tafiyar minti goma daga tashar Forest Hills ba. Wani abokin karatuna ya ara mini madubin hangen nesa, ya ce kada in kuskura Mayu ya wuce ban leƙa lambun itatuwan nan na Arnold Arboretum na ga tsuntsaye masu ƙaura ba. Na shiga ranar Lahadin nan wajen sha ɗaya na safe. Ashe ranar suke bikin furen lilac, jama'a maƙil, kowa da shimfiɗarsa da kwandon abinci. Awa uku ina bulayi har ƙafata ta yi tsami, ban ga komai ba sai tsuntsun nan mai jan ƙirji da ko a ƙofar gidanmu yana kiwo. Fili eka 281, don Allah ta ina ake farawa? Sannan ko su ne waɗanda ke sauka a fadamar Nguru da hunturu?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi ba daidai ba sau biyu: ka je da rana tsaka, kuma ka yi ta tafiya. Wannan harka ta tsayuwa ce.

Da dare suke tafiya, su sauka da asuba cikin yunwa. Saboda haka tun da yamma ka duba hasashen yanayi. In iska daga kudu maso yamma za ta kwana tana kaɗawa, to kada ka koma barci bayan sallar asuba. Yanzu rana na fitowa kafin biyar da rabi, ka kasance ciki kafin shida. In kuwa iskar arewa ce ko ta gabas daga teku, ja bargonka.

Tunda daga Forest Hills kake, bi 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa Bussey Brook Meadow. Akwai ruwa da sarƙaƙiya, sau da yawa nan nake cinye awata ta farko. Daga nan ka hau Bussey Hill, gefen da itatuwan oak suke. Yanzu suke fure, tsutsa ta cika su, ita ce abincin ƙananan nan da ake kira warbler. Nemi inda rana ta fara taɓa kan bishiya, ka ba rana baya, ka tsaya minti ashirin ba motsi. Akwai wani mai zanen baƙi da fari da ke bin jikin itace kamar ƙadangare, har ya juyo kai ƙasa. Ranar da na fara ganinsa sai da shayina ya huce a hannu. Wuya dai za ta yi ciwo, ba makawa.

Batun Nguru kuwa, a'a. Baƙin Nguru Turai suke komawa ta saman Sahara. Na nan daga tsibiran Karibiyan da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suke tahowa, da yawansu Kanada suka nufa.

Maman 'Yan Biyu:
Baba Direba ya gama magana, sai dai ni ba na iya sammakon nan, yara ba sa bari. Wajen bakwai da rabi nake zuwa tafkunan nan uku na kusa da ƙofar Forest Hills, kuma ban taɓa dawowa hannu rabbana ba. A nan na ga Baltimore oriole, ruwan lemo da baƙi, kamar an kunna fitila cikin ganye. Ka kuma leƙa fadamar bakin babbar ƙofa ta Arborway. Kacalla ce a ciki, dangin wadda ta addabi mutanen Hadeja, baƙin tsuntsu mai jan kafaɗa na ta ihu a kanta. Tudun Peters Hill da ke can ƙarshen lambun ni ban cika samun komai ba, ga masu yawo da karnuka, amma ana hango garin tas.

Sa manhajar Merlin a wayarka, tana jin kuka ta faɗa maka mai shi. Tana kuskure wani lokaci, sai idonka ya gani kafin ka yarda.

Tsohon Direba:
Hajiya, Peters Hill ɗin ma a gwada shi lokacin da tuffan dajin suke fure. Kai kuma ɗan'uwa ka hanzarta, in ganye ya gama rufe bishiya sai dai ka ji murya. In ka sami sarari ranar aiki, tsallaka maƙabartar Mount Auburn a Cambridge. Kada sunan ya tsorata ka, da safe masu madubi sun fi masu ziyara yawa.

Baƙon Boston:
Allah ya saka da alheri. Na duba, daren Laraba iskar kudu ce. Baba, in ka ga wani dogo da jar hula ya ƙame a gindin oak ranar Alhamis, ni ne.