Gidan katako a tsakiyar ruwa: me ya hana shi faɗuwa shekara 500?

Ɗalibin Gini, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum iyayena magina. Akwai wani tsohon gida a Cheshire ta Ingila, Little Moreton Hall, gangar jikinsa duk katako ne, an kewaye shi da gwalalo cike da ruwa. Benen sama ya karkace kamar zai zube, amma yana tsaye. Yaya aka haɗa shi? Kuma ruwan nan bai ruɓar da katakon?

Kafinta, Daura:
Wa'alaikumus salam ɗana. An fara ginin wajen 1504, aka yi ta ƙari har kusan 1610. Itacen oak suka yi aiki da shi, ɗanye, don in ya bushe sai ya gagari kurfi. A ƙasa ake sassaƙa komai, a gwada, a yi wa kowane gungume lamba, sannan a tayar. Babu ƙusar ƙarfe a mahaɗa. Ana fafe rami a gungume ɗaya, a fitar da harshe a ɗayan, a zura, a buga turken itace ya ratsa su. Dabarar tana wurin huda: ramin da ke jikin harshen ana gusar da shi kamar milimita 3 zuwa wajen kafaɗa, to in turken ya shiga sai ya jawo gungumen biyu su matse. In gusarwar ta yi yawa, harshen ya tsage ko turken ya karye.

Tsakanin gungumen kuma saƙar tsumagu ce, a yaɓe da laka da kashin shanu da ciyawa, a shafe da farar ƙasa. Irin wannan gini yana lanƙwasa ba tare da ya ɓalle ba.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Malam Kafinta ya faɗi daidai, sai dai bai faɗi dalilin karkatar ba. Doguwar barandar sama, mai tsawon kusan mita 21, an ɗora ta ne a kan ɓangaren kudu ba tare da ginshiƙanta sun sauka kan na ƙasa ba, aka kuma rufe ta da falalen dutse. Nauyin ya tura bango waje, daɓen ya yi tudu da kwari. A ƙarshen ƙarni na 19 sai da aka ratsa sandunan ƙarfe aka ɗaure bangon biyu.

Batun ruwa kuwa, katakon bai taɓa shi. Gungumen ƙasa yana zaune a kan ginin dutse, sama da danshi. Gwalalon, mai faɗin kusan mita 10, ba na yaƙi ba ne irin na bayan ganuwa. Nuna arziki ne, yana tsane filin, yana kuma rage ɓarayin dare. Abin da ke kashe irin waɗannan gidaje gyaran siminti ne. Siminti ba ya numfashi, kuma ba ya motsi tare da itace. Sai ya ɗan tsage a gefe, ruwan sama ya shiga ya rasa mafita, harshen da ke cikin rami ya ruɓe a ɓoye, ƙwaro ya biyo baya. Abin mamaki, rashin kuɗi ne ya tsare wannan gidan: iyalan Moreton sun talauce bayan yaƙin basasar Ingila, suka ba manoma haya shekaru da yawa, babu mai kuɗin rushewa ya sabunta. Tun 1938 yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da gine-ginen tarihi a Ingila.

Magini, Unguwar Alƙali:
Yaro, kada ka ce za ka kwafo shi nan. Su ruwa ne abokin gabarsu, mu gara ce. Shi ya sa muke barin tubali ya ɗauki nauyi, itace sai a rufi, shi ma azarar giginya namiji. Azara ba ta wuce kamar mita 2 babu tallafi. In ɗaki ya fi haka sai baka ko ɗaurin guga, wato rufi mai lanƙwasa. Amma maganar siminti ɗaya ce. Ka yaɓa shi a kan bangon ƙasa, damina biyu ko uku ya kumbura ya ɓalle da guntun bango a bayansa. Makuba ce maganin, kuma a duba indararo kafin ruwan farko, ya zuba nesa da gindin bango.