Neman shawara: an ce a yi wa Baba tiyatar huhu bayan kemo, amma kan dangi ya rabu

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina rubuto wannan daga Alƙahira, inda muke jinyar mahaifinmu wata na huɗu ke nan, kuma ina roƙon masu ilimin likitanci da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su ba ni shawara, domin lokacin da ya rage mana mu yanke hukunci kaɗan ne.

Shekarun Baba 62. Ya daɗe yana shan taba, amma ya bari kimanin shekara goma da suka wuce. Bara ya fara tari mai naci, wani lokaci da ɗigon jini a kakinsa, sai wani asibiti a garinmu ya ɗora shi a kan maganin tarin fuka duk da cewa gwajin kakin bai nuna ƙwayar cutar ba. Wata shida yana shan maganin yana ƙara ramewa kafin a yi masa hoton CT, a ga ƙari mai faɗin santimita biyar a sashen sama na huhun dama. A nan aka tsakuro tsoka aka tabbatar ciwon daji ne, nau'in da ba na ƙananan ƙwayoyin halitta ba, kuma yana mataki na uku saboda ya taɓa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. Ba a gan shi a ƙwaƙwalwa ko ƙashi ko hanta ba.

An ƙara masa ruwan kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) haɗe da nivolumab (maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi dajin) sau uku, mako uku-uku a tsakani, na ƙarshen kwana goma sha biyu da suka wuce. Alhamdulillahi, jinin ya tsaya, tarin ya lafa, shekaranjiya ma ya cinye tuwon da na tuƙa masa da ragowar garin masarar da muka zo da shi, har ya nemi ƙari. Sabon hoto ya nuna ƙarin ya koma santimita biyu. Likitan tiyata ya ce yanzu ne lokacin cire sashen da ciwon yake tare da kaluluwar. Amma Baffa, yayan Baba, ya kira ya ce a dawo da shi gida, wai idan ƙarfe ya taɓa daji bazuwa yake yi. Inna kuma tana tambaya, tunda magani yana aiki, me zai hana a ci gaba da shi har ƙarin ya narke? Mun riga mun sayar da fili ɗaya. Shin tiyatar dole ce? Kuma mutum mai waɗannan shekaru zai iya rayuwa da ragowar huhu?

Wani likitan ƙirji:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Hukuncin yana hannun likitocin da ke riƙe da hotunansa, amma zan yi miki bayanin dalilin da ya sa suka kawo maganar tiyata.

Ki fara sanar da Inna cewa maganin da aka ba shi tun farko share fagen tiyata ne, ba madadinta ba. An gina wannan tsari a kan wani babban bincike mai suna CheckMate 816, wanda aka wallafa a 2022, kuma a shekarar ce hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. A binciken, bayan zagaye uku na kemo da nivolumab an yi wa marasa lafiya tiyata cikin mako shida, da aka duba abin da aka ciro sai aka tarar mutum 24 cikin 100 ba sauran ƙwayar daji mai rai, alhali a masu kemo kaɗai kusan 2 ne cikin 100. Wannan ci gaba ne babba, amma ki juya lissafin: mafi yawan mutane suna da sauran ƙwayoyi masu rai, kuma hoto ba ya iya bambance tabo da ragowar ciwo. Santimita biyun nan za ta iya zama tabo zalla, za ta iya zama garwashi a ƙarƙashin toka, ba a sani sai an ciro an sa a madubin likita. Idan aka tsaya a haka, abin da aka saba gani shi ne ragowar ta sake tofowa, wani lokaci a inda wuƙa ba za ta kai ba.

Maganar Baffa kuwa tana da tushe a abin da mutane suka gani, sai dai fassarar ce ba daidai ba. Sau da yawa akan kai mutum ɗakin tiyata a makare, a buɗe a tarar ciwon ya riga ya watsu, ya rasu bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Iska ko ƙarfe ba sa watsa daji.

Game da numfashi, huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu. Wanda aka cire wa sashe ɗaya daga dama, idan sauran lafiyayye ne, yakan koma harkokinsa, sai dai ya ɗan yi haki wajen hawan bene. Ba shekaru ake dubawa ba, ƙarfin huhu da zuciya ake aunawa. Ki tambaya ko an yi masa gwajin busa iska da gwajin yadda iska ke ratsawa zuwa jini, da kuma nawa ake hasashen zai rage bayan aikin. Idan hasashen ya haura kashi 60 cikin 100 a duka biyun, haɗarin kaɗan ne. Idan ya yi ƙasa, akan ƙara gwajin tafiya ko hawan bene ko tuƙa keke. A kuma duba sinadaran ƙullin gaban wuya (wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo) da na ƙullin da ke saman ƙoda kafin allurar barci, domin nivolumab yakan taɓa su ba tare da alama ba.

Wata 'yar'uwa da ta yi jinyar mijinta:

Likita, Allah ya saka da alheri, amma ina so 'yar'uwarmu ta san cewa ba kowane mataki na uku ake yankawa ba. Maigidana nasa a tsakiyar ƙirji yake, kusa da babbar hanyar iska, kuma kaluluwa da yawa sun kamu. Likitan tiyata da kansa ya ce idan ya shiga sai ya cire huhun gaba ɗaya, don haka ba zai shiga ba. Gashi aka yi masa, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, tare da kemo na kusan mako shida, sannan aka ɗora shi a kan durvalumab, wani maganin garkuwar jiki. Gashin ya ƙona masa maƙoshi har kunu yana haɗiya da ƙyar, amma ya wuce. Ƙanwata, kafin ku sa hannu, ki nemi ganin likitan gashi shi ma. Kada ki ji daga baki ɗaya.

Likitan ƙirji:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ta taɓo tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Wani bincike da aka yi a Arewacin Amurka, aka wallafa a 2009, ya kwatanta masu mataki na uku da aka yi wa tiyata bayan kemo da gashi da waɗanda aka ƙarasa musu gashin ba tiyata. A jimlace tsawon rayuwarsu bai bambanta sosai ba, kuma babban dalili shi ne waɗanda aka cire wa huhu guda cur, kusan ɗaya cikin huɗu sun rasu sanadin aikin, alhali masu cire sashe ɗaya sun fi samun amfani. Dabarun aiki sun inganta tun daga lokacin, amma darasin yana nan. Saboda haka ki tambayi likitan kai tsaye: yana da yaƙinin fitar da ciwon duka da sashe ɗaya? Idan ya shiga ya tarar sai an cire huhun dama baki ɗaya, me zai yi, kuma Baba ya amince da hakan tun kafin a sa shi barci? Irin wannan aiki bayan maganin garkuwar jiki nawa yake yi a shekara? Maganin yakan bar tabo mai tauri a gindin huhu, shi ya sa aikin da aka fara da kyamara ta ƙananan huji wani lokaci yakan koma buɗe ƙirji, kuma hakan ba gazawa ba ce. Hanyar da aka bi wa maigidan Hajiya hanya ce ta neman warkewa ita ma. A binciken da ya kafa ta, kimanin 43 cikin 100 na masu durvalumab suna raye bayan shekara biyar. Abin da ba shi cikin zaɓi shi ne komawa gida ba tiyata ba gashi.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ni zan faɗa miki abin da za ki gani da idonki, don kada ki firgita. Zai fito da roba a gefen ƙirji, tana gangarawa cikin kwalba mai ruwa a ƙasan gado, kuma idan ya yi tari za ki ga ruwan yana kumfa. Iska ce ke fita, yawanci takan tsaya cikin 'yan kwanaki a cire robar. Kada a ɗaga kwalbar sama da ƙirjinsa. Washegari za a tashe shi ya zauna, ya taka, ya rungume matashi a kan ɗinkin ya yi tari, ko da yana ɓata rai. Dattawanmu sukan ɓoye ciwo saboda kara, su daina numfashi mai zurfi, kaki ya taru, ciwon sanyin huhu ya shiga. Ki riƙa tambayarsa, ki nema masa maganin ciwo kafin lokacin motsa jiki. Tun yanzu ya riƙa tafiya safe da yamma, ya ci ƙwai da kifi da wake. Kuma kada ku sayi tikitin dawowa sai likita ya ce hoton ƙirjin ya ba da damar shiga jirgi.

Wani dattijo:

'Yata, na karanta duka, ban ga inda kika faɗi ra'ayin mai jikin ba. Baffa ya ce, Inna ta ce, likita ya ce. Shi Malam me ya ce? Mun saba ɓoye wa marar lafiya sunan ciwonsa da sunan tausayi, alhali ƙirjinsa za a buɗe. Ki zaunar da shi a yi masa bayani da Hausa, ba tare da an rage komai ba, ya yi istihara. Shi kuma Baffanku tsoron rasa ƙane a ƙasar wasu ne yake magana da bakinsa, don haka kada ki yi musu da shi. Ki sa shi a waya ranar ganin likita, ya yi tambayarsa da kansa, ki fassara masa amsar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dattijo, kun yi gaskiya, mun riƙa ce wa Baba ƙari ne kawai. Daren jiya bayan isha'i na faɗa masa komai, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce tun ranar da aka fara ƙara masa ruwan ya gane, ya ƙyale mu ne don kada hankalinmu ya tashi. Yau mun ga likitan tiyata, Baffa yana kan waya. Ya ce hasashen numfashin ya haura 60, yana sa ran sashe ɗaya zai isa, kuma za a zira kyamara ta hanyar iska a sake tsakuro kaluluwar kafin a tsayar da rana. Baba ya amince da cire sashe ɗaya, amma ya ce a bar shi ya yi tunani a kan cire huhun duka har sai mun ga likitan gashi ranar Laraba. Baffa bai ce ya yarda ba, amma ya ce zai turo kuɗin hayar wata mai zuwa. Likita, idan sakamakon kaluluwar ya fito zan kawo shi nan ka taimaka mini da fassara.