An cire ma Mma maƙoƙo, yanzu hannunta na ƙandarewa

Maman Hafsa, Nima:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku ba ni shawara. Ran Talata aka yi ma Mma aiki aka cire maƙoƙon gaba ɗaya, mun dawo gida, jiya da dare ta ce leɓenta da yatsunta na mata kamar kiyashi na yawo, yau da asuba tana alwala hannun ya ƙandare, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafi har ta kasa riƙe buta. Maƙwabciyarmu ta ce iska ce, a tofa. Kalsiyam ɗin da suka ba mu kuwa gaskiya ba ta sha ba, wai kamar alli.

Anti Nas, Madina:
Ƙanwata ajiye wayar ki kai ta asibiti yanzu, kalsiyam ɗinta ne ya sauka. A bayan tayrod, wato ƙwayar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙwayoyi guda 4, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu paratayrod, su ke riƙe kalsiyam a jini. Lokacin aiki sukan bugu ko jinin da ke zuwa musu ya ragu sai su yi sanyi, shi ya sa abin ke tasowa kwana 1 zuwa 3 bayan aiki. A auna mata kalsiyam da PTH, wato sinadarin da paratayrod ke fitarwa, daidai na kalsiyam shi ne wajen 2.2 zuwa 2.6. In ƙandarewar ta kama maƙogwaro numfashi na iya toshewa, wannan kuma sai allurar kalsiyam ta jijiya.

Baban Sadik, Aboabo:
Maiɗakina ma ta yi. Wata 2 tana shan kalsiyam da calcitriol, wani nau'in bitamin D, kafin likita ya fara rage mata, yawanci suna farfaɗowa, kaɗan ne ke zarcewa da magani har abada. Abu ɗaya, kar ta haɗa kalsiyam da levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayrod, shi da sassafe kafin karin kumallo, kalsiyam bayan awa 4 tare da abinci.

Hajiya Mai Waake:
A tofa ɗin ma ba laifi 'yata, amma a cikin taksi. Wagashi da ƙananan kifi sai ta dawo.

Maman Hafsa:
Mun iso, sun ce 1.8 ne, an ɗaura mata ruwa, yatsun sun fara sakewa. Anti, allin nan za a iya daka mata a koko?

Anti Nas:
Akwai na taunawa da na narkarwa a ruwa, ki ce likita ya canza mata.