Kashin kajin gona: taki ne ko guba muke zuba wa alayyahu?

Mai Lambu: Jama'a, wani ya ce min kashin kajin gidan gona guba ne, wai gara takin zamani. Ni dai kakanninmu da taki suka yi noma, ba mu ji ya kashe kowa ba.

Malamin Gona: Baba, kajin kakanninmu tsince-tsince suke yi a tsakar gida. Na gidan gona kuwa a ruwan sha ake zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, irin su oksitetirasayikilin, wani lokacin ma ba tare da ciwo ba. Jikin kaza ba ya narkar da shi duka, kaso mai yawa yana fita a kashi. Tarayyar Turai ma ta hana ba dabbobi antibayotik don saurin girma tun 2006.

Mai Kaji: Malam, kada ka ɓata mana kasuwa. Buhun kashin nan shi ke rage mana kuɗin abinci. Kuma in aka tara shi ya ruɓe ai shi ke nan.

Malamin Gona: Game da ragowar maganin, da gaskiyarka, amma da sharaɗi. Tulin ya yi zafi har ka sa hannu ka janye, wajen digiri 55, a riƙa juya shi na makonni. Yawancin masu lambu daga mota sai kan kwami, yana ɗanye yana wari. Jan ƙarfe da tutiya da ake haɗawa a abincin kaji kuwa ba sa ruɓewa. Tulin yana raguwa, su suna nan, shekara bayan shekara suna taruwa a ƙasa.

Uwar Gida: To mu masu wanke latas da gishiri fa?

Malamin Gona: Hajiya, wanki yana cire na saman ganye ne kawai. Abin da saiwa ta zuƙa yana ciki.

Ɗan Jakara: Ku bar kaji su huta. A Kano abin tsoro takin bola ne mai ɗauke da fasassun batira, da ruwan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da ake ban-ruwa da shi. Wannan ya fi kashin kaza nauyi.

Mai Kaji: Ka ji batu!

Malamin Gona: Ban musa ba, Alhaji. Amma wanda ya haɗa biyun a lambu ɗaya fa? Ni buƙatata ƙarama ce, Mai Kaji: in kajinka suna kan magani, ka ware kashin makon, kada ka loda wa mai alayyahu.

Mai Lambu: To wa zai faɗa min? Buhu dai ba ya magana.