Musayar Waƙa: Jimmy Yancey, Makaɗin Fiyano Mai Gyaran Fili

Tsohon Makaɗi:
Assalamu alaikum. Yau fagen na makaɗin blues ne, wato kiɗan baƙaƙen Amurka. Na ɗauki amsa-amon "na", kowa ya zo da nasa.

Ku matso kusa, manya da yara,
In ba ku tarihin gwanina.
Ɗan Shikago, baƙin Ba'amurke,
Jimmy Yancey, ku riƙe suna.
Yana yaro rawa yake takawa,
Har Turai ya je ya nuna.
Da ya tasa ya bar dandamali,
A gaban fiyano ya zauna.
In kuɗin haya ya gagari mai ɗaki,
Sai ya kira biki a yi murna.
Kowa ya biya a bakin ƙofa,
Yancey na kiɗa har a kwana.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya, amma da gyara.

Na ji waƙarka, ta yi daɗi,
Sai dai gwanin bai kai kirari.
Pinetop Smith ya riga shi faifai,
A 1928 aka ɗauki kiɗansa da wuri.
Shi ya yaɗa sunan salon fiyanon boogie-woogie,
Matashi mai hannu da sauri.
A 1929 harsashi ya same shi,
A gidan rawa, bisa hatsari.
Naka kuwa, tun daga 1925,
Ciyawa yake bai wa tsari,
A Comiskey Park, filin White Sox,
Shekara 25, ina buri?
'Yan besbol su taka su wuce,
Shi ya share, gobe ya yi ƙari.

'Yar Damagaram:
Yaya Ɗan Fagge, sassauta mana,
Ka yi tambaya kafin yankewa.
Meade Lux Lewis da Albert Ammons,
Wajen wa suka je koyowa?
Lewis ya buga "Yancey Special"
A 1936, don girmamawa.
A 1938, su da Pete Johnson,
A babban zauren kiɗa na Carnegie Hall suka yi haskawa.
Da kiɗan ya cika gari da kasuwa,
Sai aka shiga tambayawa:
Ina malamin waɗannan yara?
Yana fili, yana ban ruwan ciyawa.
Sai 1939 kamfanin Solo Art
Ya ɗauki kiɗansa don adanawa.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata, kin iya lissafin shekaru. To ni kunnena ne alƙali.

Na kunna faifan, na yi hamma,
Kiɗa a hankali, ba tauri.
Ammons in ya hau, ɗaki girgiza yake,
Naku lallaɓawa yake, siriri.
Kuma duk sautin da ya fara da shi,
A sautin E-flat zai sauka, ba nazari.
Rashin sani ne ko taurin kai?
Baba, ka tona mana asiri.

Tsohon Makaɗi:
Yaro, ka zo inda nake so. Gyara zama, wannan da tsawo.

Ka bar dama, ka bi hannun hagu,
Nan ne gidan, nan za ka zauna.
Kamar luguden mata a turmi,
Taɓarya ba ta kuskure rana.
Bugu kaɗan ne yake maimaitawa,
Da ɗan rangaji, kana ji kana auna.
Dama kuwa ba ta da surutu,
Ta faɗi biyu, ta bar magana.
Shirun da ya bari a tsakani,
Shi ne ke kai wa zuciya ƙuna.
Ammons na sa ƙafa ta taka,
Yancey na sa mutum ya tuna.
Mai sauri da yawa a Shikago,
Mai haƙurin nan, kawo ka nuna.
Batun E-flat kuwa, sa hannu ne,
Kamar yana rubuta suna.
Ko a duhu ka ji saukar nan,
Ka san wa ya buga, ba sai an gana.

'Yar Damagaram:
Baba, ka manta da uwargida, ni kuwa ba zan bari ba.

Estelle, da ake kira Mama Yancey,
Ita ke waƙa, shi bugawa.
A gidansu makaɗa ke taruwa,
Dare ya raba ba a watsewa.
A 1948 su ma Carnegie Hall,
Miji da mata suka yi hawa.
Yulin 1951, kamfanin Atlantic
Ya ɗauke su, jiki na gazawa.
Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa,
Satumba ta zo da rasuwa.
A 1986 gidan karrama makaɗa, Rock and Roll Hall of Fame,
Ya sa shi a sahun farawa.

Ɗan Fagge:
Shekara 35 yana kabari
Kafin lambar ta zo gari.
Wa ya ci? Ba shi ba, ƙanwata,
Masu faifai suka cika asusu da ɗari-ɗari.
Hannun hagun na yarda da shi,
Na sake kunnawa, yana da tsari.
Amma ban sauka ba, Baba,
Mako mai zuwa ka yi shiri:
Da Ammons zan shigo fagen nan,
Kuma amsa-amona yana nan a "ri".