Ruwan zinaren da na shafa a bakin kofuna ya fito shunayya

Mai Koyon Gini:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a sana'ar ginin tangaran. Na gina kofuna 6, na gasa su, na shafa musu ruwan gilashi na sake gasawa, sannan na zagaye bakinsu da ruwan zinare na mayar da su tanderu karo na uku. Da na buɗe, biyu ne kaɗai suka yi ƙyallin da nake so; uku sun fito shunayya, ɗayan kuma zinaren yana gogewa da yatsa. Ina kuskuren yake?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam, Malama. Shunayyar nan shaida ce cewa shafin ya yi sirara. Abin da ke cikin kwalbar ruwan nan zinare ne na gaske, galibi kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, wanda aka narkar a cikin ƙaro da mai, shi ya sa yake ja-ja mai duhu kafin gashi. Wuta tana cinye man da ƙaron, ta bar zinaren shimfiɗe a kan gilashin. Idan bai isa ya haɗe ya zama fata guda ba, sai ya warwatse ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kuma zinare a wannan hali shunayya yake nunawa. Ko ɗan tabon da yatsa ya kai gindin kofi haka zai fito.

Kada kuma ki ce za ki lafta shi, domin mai kauri yana tsattsagewa ko ya dushe. Ki ja burushi sau ɗaya, ki bar shafin ya yi kalar shayi mai ƙarfi, kada ki koma kansa. Kafin nan ki goge wurin da sifirit, saboda maiƙon hannu da ƙura suna hana shi kamawa. Burushin ya zama na zinare kaɗai, kuma kada ruwa ya taɓa shi.

Wanda yake gogewa kuwa, ina zaton zafi ne bai kai gare shi ba. Ana wannan gashi a wajajen digiri 700 zuwa 750 na ma'aunin Salshiyos, kuma a tanderu ɗaya ma wani sashe yakan fi wani zafi.

Mai Adon Tangaran:
'Yar'uwa, abin da ya fi damuna shi ne lafiyarki, domin warin ruwan nan ba na wasa ba ne. Ki yi shafin inda iska take kaɗawa, da safar hannu da takunkumin da aka yi don tururin sinadarai, tunda na ƙura ba ya tare shi. A farkon gashi ki bar ƙofofin iska na tanderun a buɗe har hayaƙin ya gama fita, don idan ya taru a ciki yana dusar da zinaren.

Kofunan ukun nan ba su ɓaci ba, ana iya sake shafa musu a kan shunayyar a mayar wuta. Sai dai ki gaya wa duk wanda zai yi amfani da su cewa ba a sa su a na'urar maikirowef, domin zinaren ƙarfe ne, tartsatsi zai yi, kuma da hannu ake wanke su da soso mai laushi.

Mai Koyon Gini:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai na tsinka ruwan don ya yi auki, kuma kofin da ke gogewa a ƙasan tanderu na ajiye shi. Zan fara gwadawa a kan fasasshen tangaran kafin in koma kan kofunan.